Babi na Shida: Yinin Baƙo a Muirfield

Hanyar da ke kai mutum Muirfield ba ta da wani kwarjini. Daga Edinbara, babban birnin Sikotilan, mota za ta nausa gabas da kai tafiyar kamar kilomita 30, ka ratsa ƙauyen Gullane, sannan ka karya hagu ka bi wani siririn titi da ke ƙarewa a bakin wata ƙofar ƙarfe. A jikin ƙofar an rubuta sunan masu wurin, Honourable Company of Edinburgh Golfers, wato ƙungiyar masu martaba ta 'yan wasan golf na Edinbara. Ta tsakanin sandunan ƙarfen kana hango ciyawa shimfiɗe iya ganinka, da ƙananan tutoci suna kaɗawa, da wasu dattijai huɗu suna tafe da sauri kamar waɗanda aka aika. Gani dai kyauta ne. Shiga kuwa sai an san da zuwanka.

A babin da ya gabata mun yini a St Andrews, inda tsohon filin na jama'ar gari ne, har ma ranar Lahadi akan dakatar da wasa a bar mutane su yi yawo da 'ya'yansu da karnukansu a kan ciyawar da zakarun duniya ke takawa. Muirfield ba haka take ba. Filin 'yan kulob ne, su suka mallake shi, su ke yanke wanda zai taka shi. Wanda ba ɗan gida ba, hanya biyu gare shi. Ko dai wani mamba ya gayyace shi ya tsaya masa, ko kuma ya nemi gurbi a ranakun Talata da Alhamis, waɗanda aka ware wa baƙi. Gurbin kan ƙare tun saura watanni da yawa, kuɗinsa ɗaruruwan fam ne, kuma sai mutum ya nuna shaidar cewa hannunsa ya faɗa a wasan, ba koyo ya zo yi ba. Zama mamba kuwa, kuɗi kaɗai ba ya sayensa. Sai 'yan ciki sun gabatar da kai, wasu sun mara musu baya, sannan ka shiga layin jira na shekaru.

Wannan ɗabi'a ta tsaya wa juna ta girmi filin nesa ba kusa ba. A 1744 wasu masu hali na Edinbara da ke buga golf a filin Leith, mai ramuka biyar kacal, suka roƙi majalisar birni ta ba su kyautar da za a riƙa gasa a kanta kowace shekara. Majalisa ta ba su sanda ta azurfa. Domin gasar aka rubuta dokoki goma sha uku, kuma su ne dokokin golf mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Wasunsu har yau suna nan da ransu: wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke fara bugu, kuma ba a sauya ƙwallon da aka fara da ita kafin a kai ta rami. Akwai ma wadda ta ce idan mutum ko doki ko kare ya tare maka ƙwallo, to ka buga ta daga inda ta tsaya. Daga nan za ka gane irin filin da suke wasa a kai, fili ne na kowa da kowa.

Wanda ya ci gasar farko, ya kuma sa hannu a dokokin a matsayin kyaftin, wani likitan fiɗa ne mai suna John Rattray. Shekara guda bayan haka ya bi tawayen Yarima Charles Edward Stuart a matsayin likita, aka murƙushe tawayen a Culloden a 1746, aka kama shi. Abin da ya raba wuyansa da igiya shi ne sa bakin abokin wasansa Duncan Forbes, babban alƙalin Sikotilan, wanda yake ɓangaren gwamnati. Rattray ya dawo gida, ya sake cin sandar azurfa a 1751. Duk mai son ya fahimci abin da ake nufi da kulob a ƙasar nan, ya riƙe wannan labarin.

Daga Leith suka koma Musselburgh a 1836. Can ma wasu kulob-kulob suka cika filin, cunkoso ya ishe su, sai suka nemi wurin da za su rufe ƙofa su yi wasansu ba mai tsayawa a gabansu. A 1891 suka tare a Muirfield, Old Tom Morris ya zana musu ramukan, kuma a shekarun 1920 Harry Colt ya sake fasalin filin ya zama kusan yadda yake a yau. Gudun cunkoso ne ya kawo su nan, bayan katangar dutse.

To, mai karatu, mu ɗauka ka samu gurbin wata Talata. Abu na farko, ka iso da wuri. A irin wannan wuri lokacin da aka ba ka shi ne lokacin da ƙwallonka za ta tashi sama, ba lokacin da za ka fito daga mota kana neman takalmi ba. Wayarka ta yi shiru a aljihu. Jakarka kada sandunan cikinta su wuce goma sha huɗu, haka doka ta ce. Za a haɗa ka da mai ɗaukar jaka, wanda 'yan wasa ke kira kadi, kuma ina ba ka shawara kada ka yi rowar kuɗinsa, domin sai da ɗan gari kan ci gari.

Mafarin ramin farko yana gaban ginin kulob. Ka soka ɗan tsinken katako a ƙasa, ka ɗora ƙwallo a kansa. Ƙwallon nan faɗinta bai kai santimita huɗu da rabi ba, nauyinta bai kai giram 46 ba, ramin da za ka kai ta kuwa faɗinsa milimita 108 ne, yana can sama da mita 400, kuma ƙa'ida ta ce bugu huɗu ya isa. Iskar yamma, wadda ita ta fi yawa a nan, tana hura maka a fuska har idonka na kawo ruwa. Abokan wasanka uku sun ja baya sun tsaya cak, ba mai tari, ba mai motsa mukulli. Wannan shirun ladabi ne, amma a kunnen baƙo ya fi ihun filin ƙwallon ƙafa nauyi. Tsakiyar hanya an aske ciyawarta ƙwal, sai dai siririya ce, hagu da dama kuma duhuwar ciyawa ce da a tsakiyar bazararsu takan kai gwiwa. Hannu ya yi gumi duk da sanyi. Ka ja sanda baya, ka sauke. Idan ka ji wata ƙara siririya mai daɗi, ka ga farin ɗigo ya miƙe ya sauka a kan askakkiyar ciyawa, wani a bayanka ya ce madalla a hankali, to ka ci rabin yininka.

Ƙasar wurin jigawa ce, rairayin da teku ya bari tsakanin gaɓa da gonaki. Ruwan sama ba ya kwana a kanta, don haka ƙasa a tsandaure take, ƙwallo na sauka ta yi ta gudu. Yawancin tsofaffin filayen bakin teku a miƙe suke, ka yi ramuka tara kana tafiya, ka juyo ka yi tara kana dawowa, iska ta taimake ka a rabi ta yaƙe ka a rabi. Muirfield zobe biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Taran farko suna zagaya gefen fili ta hannun dama kamar tafiyar agogo, taran ƙarshe suna zagayawa a ciki ta ɗaya hannun. Saboda haka da wuya ka yi ramuka uku a jere kana fuskantar wuri guda. Iskar da ta tura ka yanzu, an jima tana gefenka, an ƙara jimawa ta tare ka. Nan ne kadi ke cin kuɗinsa. Za ka miƙa hannu ga sandar da ka saba bugun wannan nisa da ita, ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, bar wannan, ɗauki wadda ta fi ta da biyu, kuma kada ka ɗaga ƙwallon sama." Ka bi maganarsa. Ya ga ɗaruruwan irinka sun yi gardama a daidai wurin nan.

'Yan wasa na yabon Muirfield da cewa fili ne mai adalci, domin ba ya ɓoye maka mugun nufinsa. In ka cire mafarin rami na goma sha ɗaya, inda ake bugawa ta kan tudu ba a ganin masauki, kusan kowane haɗari a fili yake kana kallonsa. Babban haɗarin kuwa kwaruruwan yashi ne, kusan 150, waɗanda aka gina bangonsu da yankakkiyar ciyawa ana jera ta ɗaya bisa ɗaya kamar tubali.

Rami na goma sha uku ya fi kowanne nuna halinsu. Gajere ne, bugu uku ƙa'idarsa, ana hawa ɗan tudu zuwa wani siririn dandali da kwaruruwa masu zurfi suka sa a tsakiya. Ka kuskure da taku biyu, ƙwallo ta gangara ciki. Sai ka sauka, ƙafafunka su nutse cikin yashi mai laushi, ka ɗaga kai ba ka ganin komai sai bangon ciyawa da kan tuta. Doka ta hana ka taɓa yashin da ke bayan ƙwallo da sanda kafin bugu, don haka sandar na rataye a iska, hannu na rawa. Dabarar ita ce kada ka nufi ƙwallon, ka daki yashin da ke bayanta da ɗan yatsa biyu, yashin ne zai ɗauke ta ya fitar. Baƙo yakan ji tsoro ya rage ƙarfi, ƙwallo ta daki bango ta gangaro ta kwanta cikin sawun ƙafarsa. Na biyu ma haka. A na uku kadi zai ce a hankali, "Yallaɓai, fita ta gefe." Babu kunya a fita ta gefe, zakaru ma sun yi. Abin kunya shi ne ka fita ka bar sawunka. Akwai manjagara a bakin kowane kwari, ko kai ko kadinka sai an share yashin ya koma sumul domin mai zuwa a baya, wanda ba ka sani ba kuma ba za ka taɓa gani ba. Haka in sanda ta ɓanɓaro ciyawa ka mayar da ita ka take, in ƙwallo ta lotsa dandali ka gyara.

A zagaye irin wannan babu alƙalin wasa. Ka shiga duhuwar ciyawa neman ƙwallonka, minti uku doka ta ba ka tun daga 2019. Ka same ta a binne, abokan wasanka suna can nesa, taɓi ɗaya da gefen takalmi zai fito da ita sarari. Babu mai gani sai Allah. Duk wasan a kan wannan amana aka gina shi, kuma 'yan golf har yau suna ba da labarin Bobby Jones, wanda a babbar gasar Amurka ta 1925 ya ce ƙwallonsa ta motsa alhali ba wanda ya gani, ya ci kansa tarar bugu guda, aka tashi kunnen doki, ya sha kaye a wasan raba gardama. A kulob mai ƙofa abin ya ƙara nauyi, domin baƙon da aka kama da maguɗi ba sunansa kaɗai ya ɓata ba, har da na wanda ya kawo shi.

Kada ka damu da yawan bugunka, filin ya kunyata waɗanda suka fi ka. Sau goma sha shida aka yi babbar gasar Open a nan, daga 1892 zuwa 2013. A 2002 Tiger Woods ya iso da kofunan manyan gasa biyu na farkon shekarar a hannu, ranar Asabar hadari ya taso daga teku da ruwa da iska, ya tashi da bugu 81. A 1987 kuwa Nick Faldo ya ci kofin ta hanyar yin kowane rami na ranar ƙarshe daidai ƙa'idarsa, goma sha takwas cif, bai ɗara ba bai gaza ba. Jack Nicklaus, da ya ci a 1966, son wurin ya kama shi har ya raɗa wa filin da ya gina a jihar Ohio suna Muirfield Village.

In an kammala rami na goma sha takwas, a cire hula, a yi musabaha, a gode wa juna. Sai ka wuce ɗakin sauya kaya, domin ba a shiga ɗakin cin abinci da kayan wasa. Kwat da laktayi da takalmin fita, dole ne, ko da minti arba'in za ka yi a ciki. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Teburan dogaye ne, ka zauna kusa da wanda ka samu, abinci kuwa gasasshen nama ne da miya da kayan zaƙi har sai ka ce ya isa. Musulmi ya tambayi abin da ke cikin kowane kwano, ya ɗauki ruwa ko shayi idan aka zagayo da kwalba, ba mai tsangwamarsa. A bango ga hotunan tsofaffin kyaftin cikin jajayen kwat. Al'adar da aka faro a Leith ta rataya ƙwallon azurfa a jikin sandar azurfa da sunan kowane kyaftin ba ta yanke ba.

Bayan abinci a sake tuɓewa a sa kayan wasa, a fita zagaye na biyu, kuma a nan ne za ka ga ainihin wasan 'yan gida. Na karɓa-karɓa ne: mutum huɗu, ƙwallo biyu, kowane mutum biyu na da ƙwallo guda, wannan ya buga wancan ya buga. Kana bugawa daga mafari, abokinka ya riga ya yi gaba yana jira inda yake zaton za ta sauka. Shi ya sa zagayen da kan ci awa huɗu ko biyar a wasu wurare, su sukan gama shi cikin kamar awa biyu da rabi. Waɗancan dattijan da ka hango daga bakin ƙofa suna sauri, abin da suke yi ke nan. Wasa ne mai koyar da haƙuri, domin duk kuskurenka wani ne zai biya. Ka jefa ƙwallo cikin kwarin yashi, abokinka ne zai sauka. Ya fito yana karkaɗe yashi daga wando, bai harare ka ba, kai ma ba ka cika shi da ban haƙuri ba, domin a rami na gaba ƙila shi zai jefa ka.

Duk wannan abin sha'awa ne, kuma ban ga laifin mutane su so wasa cikin natsuwa da waɗanda suka yarda da su ba. Amma ƙofar nan ta daɗe tana tare waɗanda ba cunkoso suka kawo ba. Sama da shekara 270 ƙungiyar ba ta da mamba mace ko ɗaya. A watan Mayun 2016 aka kaɗa ƙuri'a, kashi 64 cikin ɗari suka yarda a karɓi mata, amma tsarin kulob na buƙatar kashi biyu cikin uku, sai maganar ta faɗi. Nan take hukumar R&A, mai shirya gasar Open, ta ce ba za a sake kawo gasar Muirfield ba muddin haka ake ciki, ita da kanta ma sai a 2014 kulob ɗinta na St Andrews ya amince da mata. A watan Maris na 2017 aka sake ƙuri'a, sama da kashi 80 suka amince, kuma a 2019 mata goma sha biyu suka zama mambobi. Kowa ya yi nasa lissafin ko zuciya ce ta sauya ko tsoron rasa gasa.

A watan Agustan 2022 aka kawo babbar gasar mata Muirfield karo na farko. Ashleigh Buhai ta Afirka ta Kudu ta shiga ranar ƙarshe da ratar bugu biyar, ta zubar da uku a rami na goma sha biyar, aka tashi kunnen doki da In Gee Chun ta Koriya ta Kudu. Sau huɗu suka maimaita rami na goma sha takwas har duhu ya fara shiga. A na huɗun ƙwallon Buhai ta faɗa kwarin yashi a gefen dandali. Ta sauka, ta daki yashi, ƙwallo ta fito ta gangara ta tsaya dab da rami. Shekara ashirin kafin nan, ɗan ƙasarsu Ernie Els daga yashin gefen wannan dandalin ya ci kofinsa, kuma kafin su biyun Gary Player ya ci a nan a 1959.

Dubi jerin zakarun wurin da kyau za ka ga wani abu. Harry Vardon, da ya ci na farko cikin kofunansa shida a nan a 1896, daga ɗaukar jaka ya fara a tsibirin Jersey. Walter Hagen na 1929 shi ma haka, kuma a zamaninsa ba a barin masu buga golf don kuɗi su shiga ginin kulob a Birtaniya, har a gasar 1920 a Deal ya mai da motarsa ɗakin sauya kaya a ƙofar ginin. Lee Trevino na 1972 yaron jaka ne a Texas. Mu ma a gida mun ga irin haka. Turawa sun zo mana da wasan, wanda 'yan jaridarmu ke kira ƙwallon lambu, tare da katangarsa, daga Rayfield ta Jos a zamanin haƙar kuza zuwa Ikoyi Club ta Legas mai ɗauke da 1938 a sunanta, kuma da yawa cikin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya yaran da suka fara da saɓa jakar manya ne.

Saboda haka in ka fito da yamma, ƙafa ta yi nauyi bayan ramuka talatin da shida, ƙofar ƙarfe ta rufe a bayanka, ka rarrabe abin da ka gani. Zuwa a kan lokaci, shiru idan wani zai buga, share sawunka, ƙirga bugunka da gaskiya, ɗaukar kuskuren abokinka ba tare da harara ba, babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar katanga ko laktayi, kuma za ka iya yin su gobe a kowane fili, ko da dandalinsa yashi ne gauraye da baƙin mai irin na tsofaffin filayenmu. Kafin ka shiga mota, ka sallami kadinka da hannu sake, ka kuma tambayi sunansa. In wani ne ya gayyace ka, ka rubuta masa godiya kafin mako ya zagayo.